Ilyasu Maɗori da Ƙashin Dinozor

Ilyasu Maɗori bai cika yarda da abin da majinyaci ya faɗa masa ba. Za a kawo mutum a amalanke, ƴan'uwa su ce daga kan raƙumi ya faɗo, shi kuwa ya ce to, ya naɗe hannun riga, ya ɗora yatsu a wurin, ya bi ƙashin a hankali idonsa a rufe. Can sai ya ce, "Wannan ba faɗuwa ba ce. Sanda ce. Wa ya doke ka?" Sau da yawa kuwa haka ɗin ne.

A Rijiyar Aduwa aka haife shi, wani ƙauye a kwarin Tarka, tafiyar rabin yini daga Belbeji in jakin yana da ƙarfi. Ɗori gadonsa ne. Mahaifinsa a kan awaki ya koya masa: in an yanka akuya sai ya karya ƙafar kafin a feɗe, ya miƙa masa, ya ce ya mayar da ita yadda take ba tare da ya ga ƙashin ba. Ya yi shekaru yana wannan kafin a bar shi ya taɓa mutum. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da wake. Sauran shekara kuwa zaurensa ba ya rabuwa da mai karaya ko targaɗe, Hausawa da Fulani da Abzinawa, wani lokaci har da raƙumi a guye, wato a gurfane, a ƙofar gida. Kayan aikinsa ba su da yawa: karan dawa, tsumma, man shanu, ɗanyar fata in karayar ta dabba ce, sai addu'ar da yake tofawa.

Ni na san shi ne bayan motar kasuwa ta kife da mu a hanyar Tanut, na yi kwana arba'in a zaurensa da karyayyar cinya. Lokacin ya kusa saba'in, siriri ne, yana ƙanƙance ido in ana masa magana kamar mai duba haƙoran dabba a kasuwa. Ba ya shan shayin da ba a gabansa aka dafa ba. In ya sayi man shanu sai ya narka kaɗan a cokali ya sansana, wai ana gauraya shi da man gyaɗa. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji. Sauran daga matarsa Ladi, wadda takan tsaya a bakin zaure da akushi a hannu ta gyara masa labarin in ya karkata.

Bayan daminar shekarar dubu biyu da ashirin, wadda ruwa ya yi ɓarna ko'ina, wani Ba'abzine makiyayin raƙuma mai suna Almustafa ya zo masa da hantsi. Sun saba, don Ilyasu ya taɓa ɗora masa wata taguwa, raƙuma mace, da ta karye. Bayan gaisuwa Almustafa ya ce, "Maɗori, akwai ƙashi a arewa. Na san na raƙumi, na san na shanu, na san na mutum. Wannan ban san shi ba."

"To ka kawo mana in gani."

"Mutum huɗu ba sa ɗaga shi."

Ilyasu ya ɗauka ƙarin gishiri ne irin na makiyaya, amma ya bi shi. Washegari suka hau raƙuma bayan asuba, ba su isa ba sai azahar. Wani kwazazzabo ne da ruwa ya ci bangonsa ya zube. Ga ƙashin nan ya leƙo daga cikin jan dutse, tsawonsa ya kusa na mutum a kwance, launinsa kamar tukunyar da ta sha wuta. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ji ƙarar dutse. Amma siffar ta ƙashi ce, da kai irin na cinya, da gurbin da tsoka take kamawa. A gefe kuma haƙarƙari ne a jere, kowanne kaurin damtse. Ɗaya ya faɗo ƙasa ya rabu biyu.

Almustafa ya tsaya nesa yana jan rawani kan bakinsa. "Na Samudawa ne, ko?" ya ce, yana nufin ƙattin mutanen farko da ake ba da labarinsu.

"Ba mutum ba ne. Babu ɗan Adam mai gaɓa irin wannan."

Ilyasu ya durƙusa ya ɗauki guntun haƙarƙarin yana binsa da yatsa, sai ya tsaya a wani wuri da ya dunƙule. Ya koma baya ya sake bi.

"Wannan ya taɓa karyewa yana da rai," ya ce. "Ya kuma warke. Ba wanda ya ɗora shi, shi ya sa ya haɗe a karkace. Ya sha wuya kafin ya haɗe."

Da Almustafa ya tafi kamo raƙuma, Ilyasu ya cusa guntayen biyu a burgaminsa, jakar fatar da yake ratayawa. Ya ce mini shi ma bai san dalili ba, sai dai bai taɓa wuce karyayyen ƙashi ya bar shi a ƙasa ba. A gida ya ga bakin karayar yana marmashewa, sai ya yi masa abin da ya iya. Ya shafe shi da man shanu har ya sha, ya jiƙa ƙaro ya liƙa bakin biyu, ya jera kara, ya naɗe da ɗanyar fatar wata akuyar Ladi da aka yanka ranar. Ladi ta ce ko me ye wannan ba zai kwana a ɗakinta ba. Ya sa shi a tsohon rumbu a bayan gida.

Labari bai tsaya ba. Almustafa ya faɗa a kasuwar Belbeji, wani ya je ya ɗauki hoto da waya, kafin wata guda baƙi sun fara sallama a ƙauye. Wani ya zo a babur yana neman a sayar masa da ko ɗan ɓalli ne, wai maganin ƙarfe ne. Wasu suka ce duk inda irin wannan ƙashi yake akwai zinariya a ƙasa. Sai ga saƙo daga magajin gari zuwa ga maigari: abin dukiyar ƙasa ne, masana suna tafe daga jami'a, duk wanda aka samu ya ɗauki wani abu jandarmomi ne za su yi magana da shi.

Ilyasu ya zare fatar, wadda ta riga ta bushe ta ƙame da siffar ƙashin. Ya ɓamɓare ƙaron, ya goge guntayen da toka da yashi har maiƙon ya ɓace a ido. Ya yi sammako shi kaɗai ya mayar da su inda ya ɗauko, ya watsa musu ƙasa. Fatar kuwa ya jefa ta cikin rumbun ya rufe.

Da sanyi ya shigo masanan suka iso a motoci biyu. Shugabarsu mace ce, Dokta Hadijatu, ƴar Damagaram, mai kimanin shekara arba'in, da hijabi da takalmin sojoji. Wannan ma ya ƙara masa shakka.

"Mace ta baro gidanta ta shigo daji saboda mataccen ƙashi?" ya ce wa maigari. "Akwai abin da suke nema a ƙarƙashi. Ƙashin hujja ce kawai."

Ita kuwa ta nemi a kawo mata wanda ya fara duba shi. Aka kai Ilyasu a mota, yana riƙe da ƙofa tun daga ƙauye har kwazazzabo.

"Baba, an ce kai ka fara ganinsa da idon sani. Me ka gani?"

Ya yi niyyar ya ce bai ga komai ba. Amma ya ga sun yi kwana biyu suna kewaya haƙarƙarin ba wanda ya lura da ƙullin, abin ya ci masa rai. Ya nuna mata da sanda. Ta durƙusa da ɗan madubinta mai ƙara girman abu ta daɗe tana dubawa, ta kira sauran da Faransanci, suka taru.

"Wallahi Baba, da sai mun kai shi gida za mu gani," ta ce.

Ta gaya masa sunan dabbar dinozor, wai dangin kada da tsuntsaye ce, ta rayu lokacin da wannan wurin koguna ne da kurmi, wajen shekara miliyan ɗari da suka wuce.

"Wa ya ƙirga?"

"Duwatsun da suka binne shi ake aunawa."

"To wa ya auna mai aunawar?"

Ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Kwana ashirin suka yi suna tono da ƙananan guduma da buroshi. Kullum Ilyasu yana can a inuwar mota yana jiran ranar da za su fito da na'urar neman zinariya. Ba su fito da ita ba. Ranar da za su tashi ya ga Hadijatu ta sa safar roba a hannu, ta rufe baki da hanci, ta ɗauki guntayen nan biyu nasa ta naɗe a takardar alminiyam, ta sa a kwalba ta rufe. Sauran ƙasusuwan duk da hannu suka ɗauka.

"Wannan me ya yi da ake jin ƙyamarsa?" ya tambaya.

"Ba shi ake ji wa ƙyama ba, Baba, hannuna ne." Ta zauna a kan dutse ta yi masa bayani. A wasu ƙasashe, ta ce, an jiƙa irin wannan ƙashi a ruwan asid har dutsen ya narke, sai aka ga wani abu ya saura, mai laushi, kamar zare, yana lanƙwasa. Waɗanda suka gani suka ce ragowar jijiyoyin dabbar ce. Wasu masanan suka ce a'a, datti ne ya shiga daga baya, ko ƙananan halittun da ido ba ya gani ne suka yi gida a ciki. Har yanzu ana musu. Tana so ta gwada da na nan, tunda wannan ya riga ya karye ba sai ta fasa wani ba. "Ko gumin yatsa yana iya ɓata gwajin. Shi ya sa zan tambaye ka, Baba. Tun da bangon ya zube, akwai wanda ya sa wa wannan guntun wani abu?"

Ilyasu ya dubi takalminta, ya dubi motar, ya tuna saƙon magajin gari.

"Iska da rana," ya ce.

Aka yi rani, aka yi damina. Ana cikin yankan gero sai ga motar Hadijatu ta dawo, ita da direba kawai. Ta sauka gidan maigari, ta sa aka kira Ilyasu da Almustafa da duk wanda ya yi aikin tono. Ta rame. Ta fito da waya ta nuna musu hoto: wani abu fari-fari, an kama shi da ɗan hantsaki an ja, yana miƙewa.

"Wannan daga cikin haƙarƙarin ya fito," ta ce. "Ranar da na gan shi ban iya cin abinci ba don murna. Saura kaɗan in sanar wa duniya. Allah ya sa na fara aika wani ɓangare ƙasar waje aka auna. Sun ce akwai maiƙon nono a ciki. Akwai kuma abin da ya fito daga fata, kuma fatar ta yi kama da ta akuya." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Dinozor ba ya shan nono. Ina so in san inda abin ya shiga."

Almustafa ya rantse bai ko taɓa ƙashin ba. Ƴan tono suka fara kallon juna. Wani ya ce ai tun farko an faɗa ƙashin nan ba na banza ba ne, yana tsatsafo da mai da kansa. Ta juyo ga Ilyasu.

"Baba?"

"Na riga na faɗa miki."

Ta gyaɗa kai. "To in ba nan ba ne, a wurina ne. Akwai mai kula mini da ɗakin gwaji, Malam Aliyu, shekara goma sha bakwai yana aikin. Shi ya jiƙa ƙashin. An taɓa ganinsa da ƙunshin kilishi a kan tebur. Ya rantse mini da Alƙur'ani bai yi sakaci ba, amma an dakatar da shi, ƙarshen wata za a yanke maganarsa. Na ce kafin a raba mai iyali da aikinsa bari in zo in tambaya."

Ilyasu ya koma gida yana ce wa kansa tarko ne. Babu wani Aliyu, ta ƙirƙiro shi ne don mai laifi ya ji tausayi ya fito, jandarmomi kuma suna jira a Belbeji. Haka ya faɗa wa Ladi da la'asar tana sheƙe gero a tsakar gida. Ba ta ajiye ƙwaryar ba.

"In akwai shi fa, Malam?"

"In babu fa?"

"In babu, ka kwana biyu a hannun jandarmomi, ka dawo. In akwai, ƴaƴansa za su kwana da yunwa saboda akuyata." Ta kaɗe zaninta. "Kai da kake tsare mutum a zauren nan sai ya faɗi wanda ya doke shi. Ni dai in ta tambaye ni ba zan rantse a kan ƙarya ba."

Da safe, bayan an sha kunu, ya buɗe tsohon rumbu ya ɗauko fatar. Ya sami Hadijatu a zauren maigari tana ɗaure jaka. Ya zauna, suka gaisa, ya faɗi komai: man shanu, ƙaro, kara, fata, toka da yashi.

Ba ta yarda nan take ba. "Baba, ko don ka ji tausayin Malam Aliyu ne kake ɗaukar laifin?"

Ya kwance tsumma ya tura mata fatar. Ta ƙame kamar bututu, ga ma lanƙwasar haƙarƙarin, ga kumburin wurin ƙullin a jikinta. Ta juya ta, ta sansana, ta ajiye. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Wata goma, Baba. Wata goma na aiki. Na tambaye ka a gaban ƙashin."

"Kin tambaye ni."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ban san ki ba. Kuma an ce jandarmomi."

Ta tashi ta fita waje da waya. Ta bangon zaure ya ji tana cewa, "Malam Aliyu, ka yafe mini," har sau uku. A nan ne, in ji shi, ya tabbata akwai Aliyun. Da ta dawo ya miƙe ya ce a shirye yake a tafi da shi.

"Ba inda za a kai ka," ta ce. "Amma da sanyi zan dawo mu sake tono, kuma za ka zo. Kai ka san hanyoyin da ake ɓata ƙashi fiye da kowa a nan."

Haka aka yi. Wannan karon suka bi bangon ciki, kamu shida cikin dutse, har suka kai wani ƙashin da bai taɓa ganin rana ba. Ilyasu ya zama mai gadin da ba wanda ya naɗa. Ya hana a ci abinci kusa da ramin. Ya kori wani ɗan tono don ya ga hannunsa yana ƙyalli, ya ce ya shafa mai. Ya hana Almustafa matsowa da salkarsa ta fata. Har ita Hadijatu ya sa ta canja safa don ya ga ta gyara hijabi da ita. Aka fasa ƙashin, aka ɗebi tsakiyarsa, aka rufe a kwalba uku yana tsaye yana kallo.

A ƙauye kuwa magana ta riga ta fita, cewa Maɗori ya ɓoye ƙashin Samudawa a rumbu yana ciyar da shi man shanu. Wasu suka ce hannunsa ya taɓa abin da bai kamata ba, suka riƙa wucewa da majinyatansu asibitin Tanut. Wasu suka ce Doktar ta cika masa burgami ne, in ba haka ba me ya sa ba a kama shi ba. Wata huɗu zaurensa ba kowa. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya gyara dangar gida, ya sake yaɓe rumbuna. Da bazara wani bijimi ya take wani Bafulatani a bakin rijiya, ba mota, aka kawo shi dole. Mutumin ya tashi da ƙafarsa, daga nan mutane suka dawo kaɗan-kaɗan, ko da yake har yau akwai gidajen da ba sa zuwa.

Sai da aka fi shekara kafin Hadijatu ta kira ta wayar maigari. An sami wani abu, ta ce. Ba fari mai miƙewa irin na farko ba. Ɗan kaɗan ne, ruwan ƙasa, mai rassa, yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye. Babu maiƙo, babu akuya.

"To yanzu kuma dabbar wa ce?" in ji Ilyasu.

"Ka zo ka gani da idonka, Baba."

Ya yi kwana uku yana juya maganar. Mutanen da suka yi wata goma ba su bambance akuya da dodo ba, ta yaya zai yarda da su yanzu? Wataƙila ma kunya ce ta sa ta ce an samu. Sai ya yi shirin gwada su. Ya samo guntun ƙashin wani raƙumi da ya mutu a daji shekara goma da suka wuce. Ya samo ƙashin bijimi a wurin mahauci, ya kankare shi, ya turara shi a hayaƙi kwana biyu, ya binne shi a jar laka. Ya kuma tsinto wani jan dutse mai siffar gaɓa. Ya ƙulle kowanne a tsumma iri ɗaya, ya hau motar Damagaram, garin da rabonsa da shi shekara ashirin.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, da sanyi kamar randa. Wani mutum mai furfura a gemu da farar riga ya buɗe masa ƙofa. Hadijatu ta ce, "Baba, ga Malam Aliyu." Suka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo, kowa yana kallon ƙasa. Ilyasu ya ajiye ƙullinsa uku a tebur ya ce duk daga kwazazzabon ya tsinto su bayan ruwa, a duba masa.

Aliyu ya sa safa ya kwance na farko. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kankari gefe ya duba a na'urar ƙara girman abu da suke kira mikroskop. "Wannan dutse ne, Baba, bai taɓa zama ƙashi ba." Na biyu ya ce ƙashi ne na gaske amma na jiya-jiya, rana ce kawai ta cinye shi, babbar dabba ce, sa ko raƙumi. Na uku bai ma kai shi na'ura ba. Ya kai hanci, ya ɗago.

"Baba, wannan da itacen me aka turara shi?"

"Bagaruwa," in ji Ilyasu.

Hadijatu ta juya baya kafaɗunta suna rawa don dariya. Aliyu ya yi ƙoƙarin riƙe fuska ya kasa. Ilyasu ya bar su suka gama, sannan ya ce, "Malam Aliyu, ni ne na sa aka dakatar da kai. Na san an gaya maka. Na zo in faɗa da bakina."

"Ya wuce, Baba. Wata biyu ne na zauna a gida. Abin da ya fi mini ciwo, har ni kaina na fara zargin kaina."

Sannan suka zaunar da shi gaban na'urar, Aliyu ya nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya. Da farko haske kawai ya gani. Aka murɗa wani abu, sai ga su: zarurruka ruwan ƙasa, ɗaya ya rabu biyu, biyun suka sake rabuwa, da ɗigo-ɗigo ja a cikinsu. Ya ce mini ya san wannan rabuwar. Ya sha ganinta a tantanin da ke manne da ɗanyen ƙashi in karaya ta huda fata. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Jini ne wannan jan?"

"A'a," in ji Hadijatu. "Ƙarfe ne, irin tsatsa. Wasu suna ganin daga jinin dabbar ya fito, kuma shi ya hana abin ruɓewa gaba ɗaya. Ba nama ba ne, Baba, ba kuma jijiya ba ce kamar ta mai rai. In ma ita ce, ta canja ƙwarai."

"In ma ita ce. Ke nan ba ki tabbata ba."

"Ban tabbata ba. Zai yiwu ƙananan halittun nan ne suka bi ramukan jijiyar suka bar sawunsu. Wuri ɗaya da na aika sun ce akwai alamar na dabbar ne. Wuri na biyu sun ce alamar ta yi rauni, ba za su sa hannu ba. Na aika na uku."

"In na ukun suka ce a'a?"

"Sai in rubuta cewa a'a ne."

Ya ce mini tun da ya san ta, ranar ce ya fara sakin jiki da maganarta. Shekara miliyan ɗarin dai bai karɓa ba, har yanzu in an ambata sai ya ce Allah ne ya san adadin. Amma ya daina cewa zinariya suke nema.

Aliyu ya raka shi tasha. A hanya ya tambaye shi ko yanzu ya yarda.

"Na yarda na ga abu," in ji Ilyasu. "Ko mene ne, ban sani ba. Ita ma ba ta sani ba."

Amsar wuri na uku ba ta zo da wuri ba, don an ce sai an sake aika wani guntun. Kafin nan Hadijatu ta rubuta rahoto a kan abin da ba a musu a kansa, wato karayar haƙarƙarin da ta warke, ta aiko masa da kofi ɗaya a ambulan ta hannun direban motar kasuwa. Da Faransanci ne, shafi tara, da hotuna. An ja layi da jan biro a ƙarƙashin wani wuri.

Ya kai wa malamin makarantar ƙauye. Malamin ya karanta ya fassara: karayar nan Malam Ilyasu, maɗorin Rijiyar Aduwa, shi ya fara gano ta, ya kuma bayyana yadda ta haɗe ba tare da ɗori ba. Ilyasu ya sa ya maimaita. Ya karɓi takardar ya naɗe. Ranar kasuwar Belbeji ya tafi da ita wurin wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya, wanda bai san shi ba, bai kuma san malamin ba. Ya nuna masa jan layin ya ce ya karanta. Mutumin ya faɗi abin da malamin ya faɗa, sai dai inda malamin ya ce "maɗori" shi "likitan ƙashi" ya ce.

Ilyasu ya sa aka nuna masa kalmar da yatsa, ya dube ta da kyau ko da yake ba ya karatun boko. Ya sayi gishiri da barkonon da Ladi ta aike shi, ya koma gida kafin la'asar.